Robar da Ban Kai Kano Ba

Tun ranar da aka rufe mahaifiyarku kuke yi mini tambaya ɗaya, kowa da irin salonsa. Nura ya yi mini ita a fusace, ƙasar kabarin ma ba ta bushe a hannunsa ba. Auwalu ya yi ta da dabara bayan shekara uku, muna hanyar dawowa daga Idi. Ke Sa'adatu ba ki taɓa ganin wurin ba tunda mata ba sa zuwa, amma kin ji a bakin kawunku Haruna, kuma na san abin da ya faɗa miki: wai na bar layin da iyayensu ke kwance, na kai ƙanwarsa can bakin shinge, gindin aduwa, inda babu kowa. Amsar da na ba ku duka ita ce haka Allah Ya rubuta. Ba ƙarya na yi ba, amma ba amsa na ba ku ba. Yanzu idona ya gaji, allura ma sai an zura mini zare, don haka gara in rubuta tun ina ganin layin takarda.

Kun san ni tela. Amma a Zango in an ce Isyaku tela, ba ɗinkin Sallah mutane ke fara tunawa ba, likkafani suke tunawa. Ni ke yankawa, ni ke wankan gawar maza a unguwarmu, ni ke shiga kabari in karɓa. Haka na tarar da mahaifina yana yi, ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba, kuma in faɗi gaskiya ina jin kaina da wannan aiki fiye da yadda ya kamata. Ba gawa kaɗai ba. Lokacin da aka yanke wa wani direba maƙwabcinmu ƙafa bayan haɗarin mota, ni aka kawo wa ita a buhu, na wanke, na naɗe da farin yadi, na kai maƙabarta. A wurina abin da ya rabu da jikin ɗan Adam ba shara ba ne, yana da haƙƙin a sutura shi. Ga shi kuma shekaru kaɗan ke nan da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, gari ya ɗau zafin neman sanin hukunci, kowace majalisa ta koma makaranta. Ni da karatuna bai fi cikin cokali ba, sai ga ni ina ba da fatawa a bakin keken ɗinki, ƙafa na taka keke, baki na yanke hukunci. Mahaifiyarku Rabi takan ce da ni, in na gama gyara duniya in zo in gyara ƙofar kicin.

Shekara ashirin da bakwai muna tare a lokacin. Ba mace ce mai yawan buƙata ba. Abu ɗaya na san tana so, gurasar Kano, kuma ban taɓa zuwa Kano sayen yadi na dawo hannu rabbana ba. Ko da ruwa ake, ko da motar ƙarshe ce, sai na tsaya na saya mata, ta zauna ta ci rabi ta ɓoye muku rabi.

A damina ta faɗa mini, gero ya fara fitar da kai. Ta ce akwai wani ɗan dutse a mamanta na hagu, ya kai wata biyar, ta yi ta shafe-shafe bai tafi ba. Na yi faɗa a kan ɓoyewar, ta bar ni na gama, sannan muka shirya zuwa Daura. Likitan da ya duba ta yana zuwa ne daga Katsina ranakun da aka ware masa, mutum ne siriri mai magana a hankali kamar yana tsoron tada barci. Bayan hoto da tambayoyi ya ce alamu duka na ciwon daji ne, kuma ya yi girman da sai an cire maman gaba ɗaya, har da kaluluwar hammata. Na dubi Rabi ina jiran kuka. Ta gyara mayafinta ta ce to.

An yi aikin ranar wata Laraba, ta farfaɗo lafiya. Da yamma wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni gefe ta miƙo mini farar roba mai murfi, an zagaye bakinta da filasta, an rubuta sunan Rabi a jiki. Ta haɗa mini da takarda. Ta ce abin da aka cire ne a ciki, an jiƙa shi a ruwan magani don kada ya lalace, kuma su ba su da ɗakin gwajinsa, sai an kai Kano. Dangin mara lafiya ne ke kaiwa. A can za su yanka shi su duba, su faɗi wane iri ne, yaya zafinsa yake, ko ya kai kaluluwa, da kuma maganin da zai ji. Ta ce kada in buɗe, kada in bar shi a rana, kuma in karɓo 'yar takardar shaidar an karɓa. Ta faɗa, ta maimaita, ta sa na maimaita. Ina so wannan ya zauna muku da kyau: babu wanda ya ɓoye mini komai.

Tambaya ɗaya na yi mata, kuma ita ce ta kai ni ta baro. Na ce in sun gama dubawa, me suke yi da sauran?

"Wallahi Baba ban sani ba," ta ce. "Ina jin ajiyewa suke na ɗan lokaci, daga baya a ƙona."

Ta wuce wurin aikinta. Ni kuwa kalmar nan ta ƙarshe ta zauna mini a ƙirji.

Washegari da hantsi na sa robar a jakar buhu na nufi tasha. Motar Kano saura mutum biyu ta cika. Na tsaya a bakinta ina riƙe da jakar, sai ɗan kamasho ya miƙo hannu ya ce in kawo kayan a sa a but. Na leƙa but ɗin. Buhun gyaɗa ne, da taya, da kaji biyu a ɗaure. Mutumin bai yi laifin komai ba, bai san me ke ciki ba. Amma sai na ja da baya na ce ina zuwa. Na tsaya a gindin wata rumfa ina ta saƙa da warwara. Na ce a raina, ciwon ai an cire shi, ga shi a hannuna. Sunansa kuma likita ya riga ya faɗa. To me ya rage da za a sani? Na ɗauka gwajin nan na cike takardun likitoci ne kawai, irin abin da ma'aikata ke so. Na ce ni da na sutura ƙafar maƙwabci, ni zan kai naman matata a yayyanka a ƙona?

Wannan shi ne dalilin da na ba kaina, kuma na daɗe ina ba kaina shi. Akwai na biyu, wanda ban taɓa furtawa ba sai yau. Kishi ne. Ban so wasu maza da ban sani ba su buɗe robar nan su juya abin da ke ciki. Shekara ashirin da bakwai babu wanda ya gani sai ni da ku da kuka sha. Na lulluɓe kishina da rigar addini, rigar kuma ta zauna masa daidai, don ni tela ne. Shaidar haka ita ce ban tambayi kowa ba. Gidan Liman yana kan hanyata, ban tsaya ba, domin ina tsoron ya ce in kai.

Ana kiran fasinjan motar Zango a ɗaya gefen tashar. Na shiga, na ɗora jakar a cinyata.

Ban bi ta gida ba don kada ku gan ni. Na shiga shago ta baya na yanki farin yadi kamu biyu, na ɗauki buta, na wuce maƙabarta. Rana tsaka ce, babu kowa sai awaki a bayan shinge. Na zaɓi gindin aduwar nan saboda na san ba a kai ga haƙa wajen ba. Na ɓare filastar, na zubar da ruwan. Warinsa ya shiga idona da hancina, hawaye suka yi ta zuba ba na kuka ba. Na wanke abin sau uku kamar yadda na saba, na naɗe, na haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tona ba, na kwantar da shi, na rufe, na dasa ɓarin tukunya a kai. Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan lokacin na ji daɗi. Na tashi ina kakkaɓe hannu da nutsuwar mutumin da ya sauke nauyi. Robar na jefa ta a wani tsohon kududdufi. Takardar ce na kasa yarwa, na ninke ta na sa a aljihu.

Bayan la'asar na koma Daura. Na same ta kwance, an naɗe mata ƙirji, ke Sa'adatu kin fita wanke kwanuka.

"Malam, ka kai?" ta ce.

"Na kai."

Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, sannan ta juya kanta wajen bango. Na ɗauka ciwo ne.

Ranar da za a sallame mu likita ya zaunar da mu ya yi bayanin da, da na tsaya na nema kwana biyar kafin nan, da ba na rubuta wannan. Ya ce ciwon nan suna ɗaya gare shi amma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake ci daga sinadarin jikin mace, wannan akwai 'yar ƙwaya da ake sha kullum ta tsare masa abinci. Akwai wanda ƙwayar ba ta yi masa komai, mai saurin tafiya, shi sai maganin da ake ƙarawa ta jijiya, kuma ba ya son jira. Ido ba ya bambance su, hannu ba ya bambance su, sai an duba naman kansa. Takardar Kano ce za ta faɗa. Ina zaune ina gyaɗa kai. Likita ya fi son a fara na jijiyar da zarar wurin aikin ya warke, amma Rabi ta ga wata mata a gadon kusa da ita da ake yi wa shi, gashinta ya zube, ko ruwa ta sha sai ta dawo da shi. Ta ce ita dai a ba ta ƙwayar, in takarda ta zo ta ce a yi na jijiya, za ta yi. Likita ya ce ba laifi, mako uku ne, kafin nan ma ɗinkin ya kame.

Mako ukun nan ya zama wata huɗu. Duk bayan mako biyu sai in sa babbar riga in ce na tafi Kano dubo takarda. In hau mota in sauka Daura, in shiga wani masallaci kusa da kasuwa inda ba a san ni ba, in zauna. In yi azahar, in zauna. In yi la'asar, in tashi in dawo in ce ba ta fito ba. Na san adadin tabarmin masallacin nan, na san inda rufinsa ke yoyo. Ban taɓa zama ni kaɗai irin wannan zama ba, ga mutane na shiga suna fita suna yi mini sallama, ni kuwa ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ya kawo ni. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga Daura, in jera ta tsaf, in shigo gida in tarar da ita a ƙarƙashin rumfa ta ɗora hannunta da ya kumbura a kan matashi, sai maganar ta narke. Ta ce sannu da hanya, in ce yauwa. Ta daina tsokanata a kan ƙofar kicin. Ni ma na daina fatawa a shago, har abokan hira suka ce jinya ta sa Isyaku ya yi sanyi. Gida ɗaya muke, tabarma ɗaya wani lokaci, amma kowa da inda hankalinsa yake. Kai Nura kana dawowa daga makaranta kana zagin mutanen ɗakin gwaji, kana cewa ba su san darajar ran talaka ba. Ina ji, ina gyaɗa maka kai.

A wata na huɗu likita ya gaji. Ya sa Rabi ta jira a waje, ya ce in ba shi takardar shaidar karɓa, akwai lamba a jiki, shi zai kira su da kansa. Na laluba aljihu na dama, na laluba na hagu. Ya zuba mini ido. Sai na ji bakina yana faɗa. Na faɗa masa duka, tun daga but ɗin mota har ɓarin tukunya. Ina jiran ya daka mini tsawa, da ya yi ma da na ji sauƙi. Maimakon haka sai ya matso da kujerarsa da sauri, fuskarsa ta ɗan yi haske.

"Malam, a cikin robarsa ka binne shi? Da ruwan?"

Na ce a'a. Na zubar da ruwan, na wanke shi, na sa masa likkafani.

Ya koma ya jingina. Ya ce da a rufe na binne shi yadda aka ba ni, ko yau aka tono zai yi, ruwan nan yana riƙe nama wata da watanni. Wato da na yi aikin ganganci irin na wanda bai iya ba, na tura roba a rami na rufe, da an tsira. Iyawata ce ta ƙarasa shi. Na tambaye shi ko jinkirin nan ya cuce ta. Ya ce ba zai ce mini da ta warke ba, ba kuma zai ce mini babu abin da aka rasa ba, shi ma bai sani ba, kuma abin da zai sanar da shi yana ƙarƙashin ƙasa. Na roƙe shi kada ya faɗa mata. Ya ce shi ba zai yi mata ƙarya ba, in ta tambaya zai faɗa, in ba ta tambaya ba maganar tawa ce. Aka kira ta, ya ce takarda ba za ta zo ba, kuma shawararsa a fara na jijiya a makon nan. Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce me ya sa. Ba ta ce ba. Ta ce to, a fara.

Ku kuwa na ce muku takardar ta ɓace a Kano.

Na je wurin Liman daga baya, lokacin da zuwan ba shi da sauran amfani. Ya saurare ni har na gama, ya ce sutura abu ne mai kyau, amma mai rai da ake nema wa magani ita ce a gaba, kuma wannan ba mas'ala ce mai wuya ba, da na tsaya a ƙofarsa da ko zama ba sai na yi ba. Ya ce in yi istigfari, in kuma nemi yafiyar mai haƙƙi. Na yi na farkon. Na biyun na ce sai ta ji sauƙi.

Kun ga abin da maganin ya yi mata, ba sai na faɗa ba. Kun ga kuma yadda ta tashi bayansa, gashi ya fito, ta koma tuwonta da kiwon kajinta, har muka fara cewa an rabu. Shekara ɗaya da 'yan watanni muka samu. Sai wani ƙullutu ya fito a bakin tabon. Likita ya yanki kaɗan, wannan karon a 'yar kwalba ya sa, ya miƙo mini da hannunsa yana kallon cikin idona. Na sa ta a aljihun gaba na dafe da hannu tun daga Daura har Kano.

Ɗakin gwajin da na yi ta zana shi a raina kamar mahauta, ashe wuri ne shiru mai tsabta. Wani dattijo mai furfura ya karɓa, ya rubuta, ya ba ni 'yar takarda mai lamba. Da ya ga na ƙi tafiya sai ya tambaye ni ko akwai wani abu. Na ce so nake in san me ake yi da shi. Bai ji haushi ba. Ya nuna mini ta taga yadda suke daskarar da ɗan naman a cikin kaki irin na kyandir, su yanko shi siriri fiye da bawon albasa, su shimfiɗa a gilashi, su sa masa launi, sannan likita ya duba a madubin ƙara girman abu. Babu mai sanin fuskar mai shi, lamba ce kawai. Na ce sauran fa, in babba ne? Ya ce ai mutane da yawa sukan ce a ajiye musu, in an gama su zo su karɓa su kai maƙabarta, ba a hana kowa ba, faɗa kawai ake yi. Na yi masa godiya. Na fito na zauna a kan dakalin bakin ƙofa na daɗe ban iya tashi ba.

A hanyar tasha na ga mai gurasa, na saya ba tare da na yi tunanin komai ba.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Tana zaune a ƙarƙashin rumfa, ku duk ba kwa nan. Na ajiye mata ƙunshin a gefen tabarma. Ta buɗe, ta duba, sai ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin aikin.

"Yau dai ka je Kano, Malam."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Tun ranar farko na sani," ta ce. "Ka shigo ba gurasa, ga jar ƙasa a farcenka. Ni da nake wanke maka kaya in ka dawo daga maƙabarta, ƙasar ce ba zan gane ba? Sau takwas ka sa babbar riga ka tafi dubo takarda. Ina ƙirgawa."

Na zauna a ƙasa, ba a tabarmar ba. Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba, me ya sa ta yi ta cewa sai takarda ta zo, alhali ta san ba mai zuwa ba ce?

"Da farko jira nake ka faɗa da bakinka. Daga baya kuma na ga ta yi mini rana. Tsoron maganin nan nake, Malam. Muddin ana jiran takarda, ba mai sa ni. Kai ka laɓe a bayana, ni na laɓe a bayan ƙaryarka. Kada ka ɗauke shi kai kaɗai, ba naka ba ne kai kaɗai."

Ashe duk wata huɗun nan muna zaune kamu ɗaya tsakaninmu, kowa na gadin abin da ɗayan ya riga ya sani ko ya kamata ya sani. Na nemi ta yafe mini, ta ce ta yafe tun tuni, ni ma in yafe mata. Ta gutsuri gurasar ta miƙo mini. Sannan ta tambaye ni a ina na sa shi, na faɗa mata. Ta tambaya ko na yi masa sutura sosai, na ce kamu biyu na farin yadi, sabo. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba labarin an sauki baƙonta da kyau.

"To in lokaci ya yi ka kai ni wurinsa," ta ce. "Ba na so in kwanta rabi a nan rabi a can. Kuma kada ka faɗa wa yara ina raye, ba na son su dube ka da wani ido a gabana."

Takardar ta biyu ta fito cikin kwana goma sha tara, ni na karɓo ta. Irin mai saurin ne, wanda ƙwayar ba ta yi masa komai. Wata huɗun nan da ta yi tana haɗiyar ƙwaya kullum bayan karin kumallo, tana cewa bismillah, ba abin da take tsarewa. An sake gwada wani maganin, bai riƙe ba. Ta rasu bayan girbi, ranar wata Litinin da hantsi.

Ni na yanka likkafaninta. Da aka zo haƙa, na wuce gaba na nuna gindin aduwa. Haruna ya riƙe mini hannu a gaban mutane ya ce ga wurin iyayensu can, me ƙanwarsa ta yi mini da zan kai ta bakin shinge kamar baƙuwa? Na ce nan za a haƙa. Ya ce in ba shi dalili ɗaya. Ban ba shi ba, don dalilin ba ya faɗuwa a tsaye a gaban jama'a, kuma a lokacin ban da ƙarfin faɗarsa ko a zaune. Bai sake taka gidan nan ba. Na yi ta cewa zan je in same shi in an kwana biyu, har aka aiko cewa ya rasu, ni na yi masa wanka.

Ta ce kada in faɗa tana raye. Ba ta ce in yi shekara goma sha wani abu ina ɓoyewa ba, wannan nawa ne. Tsoro nake kada ku daina zuwa. Ga shi kun watse duk da haka, kowa da garinsa da hidimarsa, ba don kun san komai ba, ni kuma ina nan da keke da rediyo, in na dafa shayi sai in ga na zuba kofi biyu.

Kai Nura, mutanen da ka zaga ba su taɓa ganin robar nan ba, ka nema musu alheri a addu'arka. Ke Sa'adatu, likita ya ce 'ya'ya mata su riƙa zuwa ana duba su, na faɗa miki sau ɗaya kin ce to irin na mahaifiyarki. Ki je. In har wata rana aka ba mijinki roba ya kai, ki ce ya nuna miki 'yar takarda mai lamba, kada ki tsaya ga gurasa. Auwalu, kai ne mai zuwa ziyara. Daga gefen kabarinta na hagu akwai ɓarin tukunya da ya kusa nutsewa a ƙasa, na sha ganin ƙafarka a kusa da shi. Ka riƙa zagayewa.

Takardar farko, wadda aka haɗa mini da robar, tana nan a aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin kwalin allurai, in kun zo kwashe kayana za ku gan ta. Sunanta na sama da rubutun likita, da shekarunta, da ranar aikin. Daga ƙasa akwai fili babba da aka bari don mutanen Kano su rubuta abin da suka gani. Nakan buɗe ta wani lokaci in duba. Har yau fari ne.